Harajin Masu Hannu da Shuni: Tambayoyin da Ake Tare Ni da Su a Zariya

Na yi shekaru ina riƙe wa ƴan kasuwa littafin lissafi, daga masu shagon atamfa a Sabon Gari har masu sarin hatsi da ke loda kaya zuwa kudu. Shi ya sa tun da aka fara hayaniyar sabuwar dokar haraji ba na rasa mai tare ni da tambaya, a ƙofar masallaci, ko teburin mai shayi, ko wajen ɗaurin aure. Wani tsoro ke sa shi tambaya, wani haushi. Na tattaro waɗanda aka fi maimaitawa na amsa. Ina da ra'ayi a kan maganar, ba kuma zan ɓoye shi ba.

Wai mene ne harajin dukiya? Ba shi ake yanke wa ma'aikaci a albashi ba?

A'a. Wanda ake yanka a albashi harajin kuɗin shiga ne, abin da ya shigo hannunka a shekara yake dubawa. Harajin dukiya kuwa abin da ka tara yake dubawa: gidaje, filaye, hannun jari, ajiyar banki, jirgin sama in kana da shi. A haɗa ƙimarsu, a cire bashin da ake bin ka, a yafe wani kaso mai tsoka daga ƙasa, sannan a karɓi kashi 1 ko 2 cikin 100 na abin da ya haura.

A ce mutum yana da dukiyar naira biliyan 100, tana ƙaruwa da kashi 10 cikin 100 a shekara. Ya samu ƙarin biliyan 10 ke nan, ko da a kwance ya shekara. In aka karɓi kashi 2, ya ba da biliyan 2, ya shiga sabuwar shekara da biliyan 108. Bai talauce ba, gudun ne ya ɗan ragu. Nijeriya ba ta da irin wannan haraji a yau. Wanda ma aka kafa a 1979 kan dukiyar da ta sauya hannu ta gado ko kyauta, an soke shi a 1996.

Mu talakawa da ba ma biyan haraji, ina ruwanmu da wannan rigima?

Wa ya ce ba ku biya? Wani yaron maƙwabcina yana jan Keke Napep tsakanin Kwangila da Samaru. Wata rana bayan isha'i ya zauna a dakalin ƙofar gidana yana ƙirga cinikin yini. Ya zazzage aljihu, sai ga ƴan takardun tikiti sun biyo kuɗin, kore da ruwan hoda, sun jiƙe da gumi har rubutun ya fara dushewa. Ya tura min su da yatsa ya ce, "Baba, duba min, wannan duk na yau ne, kowace da mai ita." A ƙaddara naira 300 yake bayarwa kullum, abin da ke saura masa bayan mai da balas kuma naira 6,000. Kashi 5 cikin 100 ya tafi tun bai sayi omo ba. In ya yi aiki kwana 300, ya ba da naira 90,000 a shekara, shi kuma har gobe a ransa ba ya biyan haraji.

Daga nan ya sa kati a waya, akwai harajin VAT, wato harajin da ake ɗorawa a kan saye, a ciki, kashi 7.5 cikin 100 tun watan Fabrairun 2020, da ma kashi 5 ne. Ya tura wa tsohuwarsa naira 10,000 a ƙauye, an yanki naira 50. Alhajin da ya tura naira miliyan 10 shi ma naira 50 ɗin aka yanka masa. In aka auna da girman kuɗin, mai keke ya biya ninki 1,000 na abin da Alhaji ya biya.

Dalilin a fili yake. Talaka yana kashe duk abin da ya samu, don haka duk harajin da aka ɗora a kan saye yana hawa kan kuɗinsa kaf. Mai kuɗi ɗan kaɗan yake kashewa daga samunsa, sauran ya juya shi zuwa fili ko hannun jari, inda mai karɓar haraji ba ya leƙawa. A 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce mutum miliyan 133 na cikin talauci ta fuskoki daban-daban, kashi 65 cikin 100 nasu a Arewa. Waɗannan su ne ba su da wurin ɓuya. Zaman kashin dankali ke nan, babba danne ƙarami.

To su attajiran ba sa biya ne?

Suna biya, amma ba daidai girmansu ba, kuma yawanci ba tare da sun karya doka ba. Nan ne mutane ke ruɗewa.

A 2017, lokacin da aka ƙaddamar da shirin nan na a fito a bayyana kadarori a biya haraji ba tara, Farfesa Yemi Osinbajo ya ce mutum 214 ne kacal a duk Nijeriya ke biyan harajin naira miliyan 20 ko fiye a shekara, kuma dukkansu a Legas. Ka tuna jerin motocin da ke zuwa ɗaurin auren ɗiyar wani babba, ka sake karanta adadin.

Ga yadda abin yake. Ma'aikaci mai naira 250,000 a wata yana da miliyan 3 a shekara. A sabon jadawali, in ba a cire masa fansho da sassaucin kuɗin haya ba, harajinsa naira 330,000 ne, wato kashi 11 cikin 100, kuma ana yanka tun kafin alat ya shigo. Wanda aka raba wa ribar hannun jari, ko ta biliyan nawa ce, kashi 10 ake cirewa shi ke nan. Gaskiya ne kamfanin ya riga ya biya nasa harajin kafin a raba ribar, ba zan ɓoye wannan ba. Amma babban arzikin attajiri ba a rabon riba yake ba, a tashin farashin kadara yake. Filin da ya saya miliyan 5 ya koma miliyan 80, hannun jarinsa ya ninka, kuma muddin bai sayar ba doka ba ta ɗauki wannan a matsayin samu ba. In yana son kuɗin kashewa ma ba sai ya sayar ba, ya kai takardun banki jingina ya karɓi bashi, bashi kuwa ba a yi masa haraji.

Ba mu kaɗai ba ne. A 2021 ƴan jaridar ProPublica a Amurka sun samu bayanan harajin attajirai 25 mafi kuɗi a can, suka gano daga 2014 zuwa 2018 abin da suka biya kashi 3.4 cikin 100 ne na ƙaruwar dukiyarsu.

Wannan ba hassada ba ce? Allah ne ya ba su.

Allah ne ya ba su, babu ja. Shi ne kuma ya ba ma'aikaci albashinsa, ban taɓa jin an ce hassada ce da ake yanka ba.

Motocin simintin attajiri a kan kwaltar gwamnati suke bi. Injiniyoyinsa da akantocinsa da yawa a jami'ar Ahmadu Bello, Samaru da Kongo, aka horar da su da kuɗin jama'a. In aka ci amanarsa kotun gwamnati yake zuwa, ƴan sandan da ke gadin ƙofarsa kuma daga baitulmali ake biyan su. Wanda ya fi kowa morar rijiya, shi ya kamata ya fi ba da kuɗin yasa. Ba na ƙin mu samu irin su Aliko Ɗangote da Abdussamad Rabi'u, ina ma a ce muna da ashirin irinsu masu kafa masana'antu. Magana ce ta ma'auni.

Ba ga zakka ba? Me ya kai mu koyi da Turawa?

Wannan tambayar ta fi kowace yi min daɗi, domin mai yin ta ya amsa rabinta da kansa. Zakka a kan abin da aka tara take, ba a kan albashin wata ba. Tana da nisabi, mithƙali 20 na zinari ko dirhami 200 na azurfa, wanda bai kai ba an ɗauke masa. Ana fitar da ɗaya cikin arba'in, wato kashi 2.5 cikin 100, duk shekara. Tsarin harajin dukiya ke nan sak. Abin da masanin tattalin arzikin nan ɗan Faransa, Gabriel Zucman, ya kai gaban G20, ƙungiyar ƙasashe masu ƙarfin tattalin arziki, a 2024 kashi 2 ne, bai ma kai zakka ba. Na taɓa faɗa wa wani malami haka a zaurensa cikin birni, ya yi murmushi ya ce, "Ashe sai yanzu suka iso." Na ce, "Allah gafarta Malam, sun iso, mu kuma da muke da ita mun bar ta a buhun shinkafar azumi."

Domin a gaskiya abin da ake gani ke nan. Layin mata a ƙofar gidan Alhaji cikin rana, ana miƙa turmin atamfa da ƴar ambulan. Allah ya ba da lada. Amma wa ya zauna ya ƙididdige hajar da ke sito da kuɗin da ke banki ya ga ko ɗaya cikin arba'in ɗin ta fita?

Sai dai zakka ba za ta ɗauke wa haraji aikinsa ba. Waɗanda ake ba ta kashi takwas ne, an jera su a aya ta 60 ta Suratut Tauba, kuma mafi yawan malamai ba su yarda a gina titi ko madatsar ruwa da ita ba. Musulmi kaɗai ta hau, ƙasar kuwa ta kowa ce, mutumin Wusasa da na Ƙofar Gayan famfo ɗaya suke jira. Ba ta hawa kan injinan masana'anta ko ginin da aka ba da haya, sai kuɗin hayar in sun taru sun shekara. Kamfanin da masu shi ke Landan kuwa babu mai zuwa masa da maganar nisabi. Ko ya kamata a rage wa wanda ya fitar da zakka ta hannun hukuma wani abu daga harajinsa? Ni ina ganin ya kamata, kamar yadda Malesiya ke yi.

Ashe ba haraji su Malam Aminu Kano suka yi ta yaƙi da shi ba?

Shi ne, amma a duba wane haraji. Tun kafin Turawa, a ƙasar Zazzau manomi na biyan kuɗin galma, marini kuɗin karofi, mai lambu kuɗin rafi, makiyayi jangali. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya lissafa jangali da kuɗin gari cikin zaluncin sarakunan zamaninsa a Kitabul Farƙi. Da Turawa suka kama Zariya a 1902 sai suka daidaita abin ya koma kuɗi a kan kowane baligi, daga mai unguwa zuwa dagaci, zuwa hakimi, zuwa baitulmali. Tsofaffinmu sun ba mu labarin wanda aka shanya a rana, da wanda ya sayar da akuyar matarsa, da wanda ya bar gari da dare saboda kuɗin haraji.

Wannan NEPU ta yaƙa, a kansa da makamantansa aka ɗaure irin su Hajiya Gambo Sawaba sau da dama. Da PRP ta ci zaɓe a 1979, Balarabe Musa a Kaduna da Abubakar Rimi a Kano suka soke haraji da jangali. Aibinsa shi ne kai ake ƙirgawa, ba a auna aljihu. Ka lura, naira 50 ɗin da na ambata ɗazu jikanyarsa ce. Mai neman a ɗora wa hamshaƙai nauyi daidai ƙarfinsu a layin Malam yake, ko ya sani ko bai sani ba.

Manyan kamfanoni nawa doka ta ce su biya, kuma ta ina suke zillewa?

A takarda kashi 30 cikin 100 na riba, da ƙarin kashi 4 na harajin raya ƙasa da sabuwar doka ta kawo a madadin wasu ƙananan haraje-haraje. Rigimar duk a kan kalmar riba take, domin riba abin da alƙalami ya rubuta ce.

A ce kamfani yana sayen citta ko waken suya a jihar nan. Ya kafa wani ƙaramin kamfani nasa a Dubai ko Morishos, ofis ɗaya da teburi. Ya sayar wa ɗan nasa kayan a farashin da ya kusa faɗuwa, ɗan kuma ya sayar wa Turai a farashin gaske. Kayan ko leƙa Dubai ba su yi ba, daga Legas jirgi ya wuce da su, amma ribar a can ta sauka. Wata dabarar, uwar kamfani ta ba reshenta na nan bashi da ruwa mai tsada, ko ta caje shi kuɗin amfani da suna, ko kuɗin shawara. Duk ana rubuta su a matsayin kashe-kashe, riba ta tsiyaye ta nan ta taru a tudun mun tsira. Kwamitin Thabo Mbeki, tsohon shugaban Afirka ta Kudu, ya ce a 2015 Afirka na asarar fiye da dala biliyan 50 a shekara ta haramtattun hanyoyin fitar da kuɗi, kuma kaso mafi girma ta harkar kasuwanci yake fita, ba ta jakar ɗan siyasa ba. Muna da ƙa'idojin hana wannan tun 2012, an sabunta su a 2018. Amma kamfani na zuwa da lauyoyi da akantoci gayya guda, hukuma ta turo mutum biyu.

Sai kuma wanda gwamnati ke yafewa da hannunta. Kafin sabuwar dokar, an daɗe ana ba kamfanonin da aka kira na sharar fage hutun haraji na shekara 3, a ƙara har 5. Akwai kuma umarnin shugaban ƙasa na 2019 da ya ba kamfani damar gina titi a cire kuɗin daga harajinsa. Titin yana ginuwa, na yarda. Tambayata ita ce wa ke zaɓen titin. Mai keke dai ba a taɓa ce masa ya riƙe kuɗin tikiti ya cike ramin unguwarsu ba.

Sabuwar dokar ta taɓa masu kuɗi kuwa?

Ta ɗan taɓa. Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokokin guda huɗu ranar 26 ga Yunin 2025, biyun da suka shafi haraji kai tsaye suka fara aiki 1 ga Janairun 2026. Naira 800,000 ta farko a samun mutum na shekara ba haraji. Daga nan ana hawa mataki-mataki, kashi 15, 18, 21, 23, har 25 ga abin da ya haura miliyan 50. Da can ƙololuwar 24 ce, ƙarin kashi 1 ke nan. Harajin ribar sayar da kadara ga kamfanoni ya tashi daga kashi 10 zuwa 30, wannan ba ƙaramin abu ba ne. An kuma ce rassan manyan kamfanonin duniya masu cinikin yuro miliyan 750 ko fiye, duk dabarar da suka yi, abin da za su biya kada ya gaza kashi 15. Kafin wannan, a 2024, majalisa ta sa wa bankuna harajin kashi 70 kan garaɓasar da suka samu daga canjin dala bayan an saki naira.

Abin da ya ba ni takaici shi ne inda muka kashe ƙarfinmu. Gwamnonin Arewa sun taru a Kaduna a watan Oktoban 2024 suka yi watsi da tsarin rabon VAT da aka kawo, aka yi wata da watanni ana kai ruwa rana, har aka sauya shi. Ba laifi, haƙƙi suka nema. Amma duk faɗan a kan rabon abin da aka tatsa daga masu saye ne. Ban ji an ɗaga murya haka kan tarin dukiya ba, kuma dokar ba ta kawo harajinta ba.

In aka matsa musu ba za su kwashe kuɗinsu su gudu ba?

Wasu za su gudu, kada a yaudare ku. A 1990 ƙasashe 12 na OECD, ƙungiyar ƙasashe masu arziki, ke karɓar harajin dukiya, zuwa 2017 saura 4: Faransa, Nowe, Sifaniya da Suwizalan. Jamus ta daina a 1997, Suwidin a 2007, Faransa kuma a 2018 ta taƙaita shi ga gidaje da filaye. Da Nowe ta ɗaga nata zuwa kashi 1.1 a 2022, wasu hamshaƙanta sun tattara sun koma Suwizalan.

Amma a duba me ya kayar da waɗancan. Da yawa sun fara harajin daga ƙasa-ƙasa har ya kama likita da mai gidan gado, sannan suka cika shi da ƙofofin fita ga masu lauya. A lokacin kuma bankunan waje ba sa faɗa wa kowa komai. Yanzu ƙasashe fiye da 100 na musayar bayanan asusu. Suwizalan ɗin da ake gudu can ita ma tana karɓar harajin dukiya, ba ta fasa ba.

Mu kuma namu sun daɗe da fitar da abin da zai fitu. Takardun Panama na 2016 da na Pandora na 2021, wato bayanan sirri da aka kwarmata kan masu ɓoye dukiya a waje, sun nuna sunayen ƴan Nijeriya, ba harajin dukiya ne ya kore su ba tunda babu shi. Abin da ya rage shi ne wanda ba ya shiga jirgi: masana'antar siminti, rijiyar mai, turakun sadarwa, gidajen Maitama da Ikoyi, da mutum fiye da miliyan 200 da ake sayar wa kaya.

Kamfani ba zai ɗora harajin a kan kaya ba, ya dawo kanmu?

Wani kaso yana iya dawowa, musamman inda kamfani biyu ko uku suka riƙe kasuwa babu mai ja da su. Amma harajin riba daban yake da VAT. VAT a kan kowane buhu take hawa kai tsaye. Harajin riba sai an gama ciniki an cire kashe-kashe. Kamfanin da zai iya ƙara farashi ya kwana lafiya ya riga ya ƙara, bai jira haraji ba. Maganin wannan a buɗe kasuwa ne, ba a yafe haraji ba.

Me ake yi a duniya kan wannan?

A watan Oktoban 2021 ƙasashe 136 suka amince kada harajin manyan kamfanonin duniya ya gaza kashi 15. Nijeriya ta ƙi sa hannu a lokacin, ita da Kenya da Pakistan da Siri Lanka, don tana ganin rabon da aka tsara bai ba ƙasashe irin namu abin kirki ba. Ita ce kuma ta gabatar da ƙuduri a madadin Afirka a Majalisar Ɗinkin Duniya a watan Nuwamban 2023, cewa a mayar da tsara dokokin haraji can inda kowa ke da ƙuri'a. Ƙasashe 125 suka goyi baya, 48 suka ƙi, akasarinsu masu arziki. Amurka ta fice daga tattaunawar a farkon 2025.

Shawarar Zucman da Barazil ta ɗauki nauyi ta shafi biloniyoyi kusan 3,000 ne a duk duniya, ya kuma ƙiyasta za ta tara dala biliyan 200 zuwa 250 a shekara. Taron G20 na Nuwamban 2024 ya tsaya a kan cewa za a haɗa kai a ga hamshaƙai sun biya. Ba adadi, ba rana.

In an karɓo ma sacewa za a yi. Ba gara a bar wa mai shi ba?

Wannan ce hujjar da ta fi ƙarfi, ba ni da amsar da za ta kashe ta gaba ɗaya. Mutumin da aka cire wa tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, aka ce ya ɗaure ciki, bai rufe shekara ba ya ji an saya wa ƴan majalisa manyan motoci, ba ka isa ka ce masa baitulmali amana ce ba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Sai dai abu biyu. Na farko, rashin karɓa daga manya bai taɓa hana gwamnati kashe kuɗi ba. Bashi take ciyowa, ko ta juyo kan wanda ba ya iya gudu. Kenya ta gwada haka a 2024, matasa suka kutsa majalisa ranar 25 ga Yuni, Shugaba Ruto ya janye dokar.

Na biyu, gani ya kori ji. Shiga jami'ar Ahmadu Bello, ko Samaru ko Kongo, ka ƙirga gine-ginen da aka rubuta TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, a goshinsu. Ka leƙa kwalejin ilimi da kwalejin fasaha ta Nuhu Bamalli ka ƙara. Kuɗin nan harajin ribar kamfanoni ne. Ya samo asali daga yarjejeniyar da ASUU ta ƙwato a 1992 lokacin Attahiru Jega na shugabanta, aka yi dokar a 1993, kashi 2 cikin 100 na riba, daga baya ya kai 3. Ba na cewa ba a taɓa cin ko kwabo a ciki ba. Amma ɗan mai gadi ya zauna a ɗakin karatun da ribar banki da kamfanin waya ta gina. Abin da ya sa ya yi aiki, an ɗaure kuɗin da abu guda, an kuma rubuta suna a bango inda kowa zai gani, akwai kuma ƙungiya mai baki da ke tsaye a kai.

A nan Zariya, daga ina za a fara?

Daga ƙasa. Ba mu da ma'aikatan da za su bi sawun hannun jarin wani a Landan, amma fili ba ya ɓuya. Bi hanyar Kaduna ko ta Shika ka ga gonakin da aka saye aka zagaye da bulo, an rubuta gargaɗi da jan fenti, ciyawa ta kai ƙirji, shekara goma ba a aza tubali ba. Jira ake gwamnati ta kawo titi da wuta farashi ya ninka. Akwai wani gida da nake wucewa, bene ne mai farin fenti, tagoginsa a rufe tun ina ganin ƴaƴan maigadin suna rarrafe, yanzu suna zuwa makaranta. A bayan katangarsa magidanta uku ke raba tsakar gida ɗaya da masai ɗaya.

Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa filaye a hannun gwamna, jihar Kaduna kuma tana da KADGIS mai rajistar filaye da taswirarsu. Kayan aikin na nan. Abin da ya rage a ce gidan da mutum ke ciki da iyalinsa, da gidajen gado na cikin birni, da gonar da ake nomawa, ba ruwan kowa da su. Daga gida na uku ko na huɗu, da filin da aka killace aka bari, a fara karɓa, yana ƙaruwa da yawan kadara. A yi hattara da ma'auni, don Legas ta yi ƙarin nata da gaggawa a 2018, aka yi ca, dole ta rage. Sannan a liƙa a sakatariyar ƙaramar hukuma nawa aka tara a kowace gunduma, me aka yi da shi. In mutumin Tudun Wada ya buɗe famfo ya ga ruwa, ba sai an yi masa wa'azin haraji ba.

Wahalar dai kowa ya san ta. Masu filayen su ne masu sa hannu a dokar.

Ni mai shago ne a Sabon Gari. Duk wannan zai shafe ni?

Harajin dukiya irin wanda ake magana bai san da zamanka ba, Alhaji, ko shagunanka uku ne. Ƙananan kamfanoni ma an ɗauke musu harajin riba, an kuma ɗaga iyakar daga cinikin naira miliyan 25 da take a da. Abin da zai cece ka shi ne rubutu. Raba asusun shago da na cefane, ka rubuta abin da ka saro da abin da ka sayar, don kada a ɗauki duk kuɗin da ya ratsa asusunka a matsayin riba. In an zo karɓa, ka nemi takardar da ta nuna wane haraji ne, ka biya ta banki ka adana rasit. Dokar jihar Kaduna tun 2016 ta hana jami'i karɓar kuɗin haraji a hannu.